Wa Za a Ƙirga? Sharhi kan Maƙalu Biyu na Binciken Tamowa a Jihar Maraɗi

Garin Cadawa yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram, cikin gundumar Agye, kuma an san shi da kasuwa da noman aya. Ɗalibin da ya sauka nan da niyyar tattara bayanan kundinsa na digiri na uku, ko a kan lafiyar yara, ko a kan noma, ko a kan karatun manya, zai tarar an daɗe da riga shi zuwa wannan yanki. Guy Nicolas da Claude Raynaut sun yi nazarin zaman jama'ar ƙasar Maraɗi tun daga shekarun 1960 da 1970, sa'an nan bayan matsalar abinci ta 2005 likitoci da masana ƙididdiga suka yi ta auna yara a gundumomin jihar. Wannan maƙala sharhi ce kan ayyuka biyu daga cikin na baya-bayan nan, waɗanda Sheila Isanaka da abokan aikinta suka buga a 2009, ɗaya a mujallar Pediatrics, ɗaya a mujallar JAMA. Ba maganin tamowa ne abin dubawa a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda aka ƙayyade wanda za a ƙirga, da abin da za a auna, da abin da za a kira nasara, domin a nan ne yawancin kundayen ɗalibai suke tuntuɓe.

Kafin a shiga, ya kamata a daidaita kalmomi uku. Abin aunawa shi ne duk wata siffa da ke bambanta daga mutum zuwa mutum, ko daga gida zuwa gida, wadda mai bincike ya yi niyyar rubutawa, kamar nauyi, ko shekaru, ko yawan gonaki. Sakamako shi ne wannan abin aunawa guda wanda da shi za a yanke hukunci a ƙarshe, a ce aikin ya yi amfani ko bai yi ba. Sharaɗin ƙirge kuwa shi ne iyakar da aka shata, wadda duk wanda ya faɗa cikinta za a ce yana da abin da ake nema, wanda ke wajenta a ce ba shi da shi.

Dalilin da ya sa Maraɗi ta dace da wannan bayani shi ne an taɓa yin jayayya mai zafi a kan ƙirge a nan. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da ɓarnar fara, farashin hatsi ya hau a 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar cikin shekarar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A watan Agusta na wannan shekara Shugaba Mamadu Tanja ya musanta cewa ana yunwa a ƙasar. A watan Yuli na 2008 gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na ƙungiyar a Maraɗi, kuma yawan alƙaluman da ake fitarwa yana cikin abubuwan da aka yi saɓani a kansu. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ɗauki sharaɗin ƙirge a kan ƙa'idar da ake cikawa don a gamsar da mai duba kundi kawai ba.

Maƙalar Pediatrics ta ɗauki bayanan yara 56,214 'yan wata 6 zuwa 59 waɗanda aka karɓa a shirin MSF na Maraɗi cikin 2006, ta auna su da ma'auni biyu. Na farko shi ne jadawalin NCHS na 1977, wanda aka gina da yaran Amurka, kuma ƙananan cikinsu yawanci da madarar kwalba aka raine su. A wannan tsari ana duba nauyin da yaro na tsakiya yake da shi a kowane tsayi, in yaro bai kai kashi 70 cikin 100 na wannan nauyi ba sai a ce tamowarsa mai tsanani ce, in yana tsakanin 70 da 80 a ce matsakaiciya. Na biyu shi ne jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilu na 2006, bayan ta auna yara kimanin 8,500 masu shan nono a Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. A nan ana auna nisan yaro daga tsakiya da wani taki na lissafi da ake kira z, wanda ya yi ƙasa da taki uku shi ne mai tsanani, ƙasa da taki biyu kuwa ramamme. Da aka bi tsohon jadawali, yara 2,989 ne suka faɗa cikin masu tsanani. Da aka bi sabon, sai suka zama 25,754, watau ninki takwas da 'yan kai. Yaran nan dai su ne, shekarar ita ce, sikelin da aka ɗora su shi ne. Iyaka kaɗai aka matsar.

Misali guda zai nuna yadda hakan ke faruwa. Yaro namiji mai tsawon santimita 70, tsohon jadawali ya ba shi nauyin tsakiya na kimanin kilo 8.5, saboda haka sai ya gaza kilo 6 kafin a ce yana da tsanani. A sabon jadawali iyakar tana wajen kilo 6.6. Yaron da ya hau sikeli ya nuna kilo 6.3 ke nan matsakaici ne a wannan littafi, mai tsanani ne a wancan. Kuma bambancin ba na takarda ba ne kawai, domin a kan wannan iyaka ne ake yanke irin jinyar da za a ba shi.

Abin da ya fi muhimmanci a maƙalar, wanda masu ambatonta suka fi tsallakewa, shi ne abin da sauya sharaɗi ya yi wa sakamako. Yaran da sabon jadawali ya kira masu tsanani sun fi saurin warkewa, kaɗan ne cikinsu suka mutu, kaɗan ne suka bukaci a kwantar da su. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da an shigo da dubban yara waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba cikin rukunin. Amma ga tarkon: ɗalibin da ya tattara rahotannin wata cibiyar jinya ta Agye ko ta Gidan Runji daga 2005 zuwa 2012, ya ga yawan masu tsanani ya yi tsalle, ya kuma ga yawan masu warkewa ya ƙaru, zai iya rubuta babi guda a kan taɓarɓarewar abinci, ya rubuta wani a kan ingancin jinya, alhali duka biyun sauyin ma'auni ne ya haifar da su. Bugu da ƙari, a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ɗaga iyakar awon damtse daga milimita 110 zuwa 115, wanda shi ma ya ƙara faɗin rukunin. Duk jadawalin shekaru da ya ratsa waɗannan sauye-sauye ba tare da ya nuna inda suka faɗo ba, ba jadawali ɗaya ba ne, guntaye ne aka ɗinka.

Maƙalar JAMA gwaji ce. An zaɓi ƙauyuka 12 a gundumomin Madarumfa da Gidan Runji, aka raba su da ƙuri'a, 6 aka ba yaransu fakiti ɗaya a kullum na abincin nan na tunkuzar gyaɗa da madara, Plumpy'nut, har wata 3, 6 ba a ba su ba. An bi yara 3,533 'yan wata 6 zuwa 60 daga Agusta 2006 har tsawon wata 8. A nan ya kamata a yaba. Marubutan sun bayyana sakamakonsu na gaba, watau sauyin nauyi bisa tsayi da kuma yawan yaran da suka faɗa cikin rama, suka ajiye mutuwa da rashin lafiya a sahu na biyu. An sami raguwar rama da kashi 36 cikin 100, ta mai tsanani da kashi 58. A wajen mutuwa kuwa, yara 7 suka rasu a ƙauyukan da aka ba abincin, 18 a waɗanda ba a ba ba. Mai son zuciya da ya ga 7 da 18 zai mai da wannan kan labari. Marubutan ba su yi haka ba, sun ce lissafi bai tabbatar da raguwar mutuwa ba, domin adadin ya yi kaɗan a kore yiwuwar katari. Wannan kamewa ba ta samuwa sai ga wanda ya ɗaure kansa da sakamako tun kafin ya ga alƙaluma. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ɗalibin da ya dawo daga ƙauye da abubuwan aunawa arba'in, sa'an nan ya zauna yana laluben wanda ya yi kyau don ya kira shi sakamako, lalle zai sami ɗaya, amma abin da ya samu ba shaida ba ne.

Sai dai akwai wurin da aikin ya bar ƙofa a buɗe. Sharaɗin shiga gwajin da tsohon jadawali aka yi shi: yaron da ya kai kashi 80 cikin 100 ko fiye, shi ne ake ɗauka a kan marar tamowa, wanda za a yi wa rigakafi. Sakamakon kuwa da sabon jadawali aka auna shi. A koma ga yaron nan mai santimita 70. In nauyinsa kilo 7 ne, ya wuce iyakar kashi 80, wadda ke wajen kilo 6.8, saboda haka lafiyayye ne a bakin ƙofa; amma bai kai kilo 7.2 ba, watau iyakar taki biyu, saboda haka ramamme ne a ma'aunin da za a yi hukunci da shi. Ana iya yi wa marubutan uzuri, domin gwajin ya faɗo daidai shekarar da ake sauya jadawali, kuma ba su ɓoye abin da suka yi ba. Amma kalmar rigakafi ta ɗan yi rauni, tun da wasu daga cikin waɗanda aka ba abincin jinya aka yi musu bisa ɗaya ma'aunin. Ɗalibin da zai kwaikwayi wannan tsari yau ba shi da wannan uzuri.

Babban gibin da ya shafi masu karanta wannan mujalla yana wani wuri dabam. Nauyi da tsayi da kaurin damtse ba su bukatar tafinta. Kumburin ƙafa ma haka, a danna babban yatsa a bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa uku, in gurbi ya zauna an gama magana. Amma sauran abubuwan aunawa ta baki suke shigowa, kuma da Hausa. Maƙalun da Turanci suka fito, takardun aiki a Nijar yawanci da Faransanci ake tsara su, uwar da aka tambaya kuwa da Hausa ta ji, da Hausa ta amsa. Mai karatu yana ganin iyakar z har zuwa ɗigo, amma ba ya ganin jimlar da aka furta a tsakar gida. Wannan ba laifin waɗannan marubuta su kaɗai ba ne, al'adar mujallun likitanci ce. Duk da haka, ma'anar da ba a rubuta da harshen da aka yi tambaya da shi ba, rabinta ne aka rubuta.

A ɗauki shekaru. Iyakar wata 6 zuwa 59 tana da kaifi a takarda. A ƙauyen da ba a yanki takardar haihuwa ba, uwa za ta ce an haife shi da kaka, ko bayan Sallar Layya, ko ya ci damina biyu. In da watannin Musulunci ake lissafi, shekarar ta gaza ta Bature da kwana 11, a shekara biyar an tara kusan wata biyu. Shi ya sa masu ƙididdigar abinci sukan yi amfani da tsayi a madadin shekaru, su ɗauki yaro mai santimita 65 zuwa 110. Amma a yankin da tsumburewa ta yi yawa, ɗan shekara shida yana iya shigewa ƙarƙashin santimita 110. Wace hanya aka bi, kuma wace kalandar abubuwan da suka faru a gari aka yi amfani da ita, tilas kundi ya faɗa.

Haka zancen ciwo. A littafin likita, zawo shi ne bayan gida mai ruwa sau uku ko fiye a yini da kwana. Uwa kuwa tana iya ƙin lissafa zawon da take ganin na fitar haƙori ne, domin a wurinta wannan hanya ce da kowane yaro ke bi. Wanda ya ce zazzaɓi, da wanda ya ce masassara, da wanda ya ce zafin jiki, ba lalle su sami amsa ɗaya daga mace ɗaya ba. Ita kanta tamowa, wadda rediyo da likita suka ɗora wa ma'anar ƙarancin abinci mai gina jiki, a bakin jama'a tana tafiya da wasu dalilai, kamar lalacewar nonon uwar da ta yi ciki tana goyo. In mai tambaya ɗaya ya yi amfani da wannan kalma, wani ya ce rama, an auna abu biyu an zuba su a layi ɗaya.

Mafi tsufan waɗannan matsaloli ita ce ta gida. David Norman, a binciken da ya yi a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa na ƙasar Zazzau a 1966 zuwa 1967, ya ɗauki masu ci daga tukunya ɗaya a matsayin iyali. Polly Hill, a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta fi karkata ga waɗanda suke noma tare, ta kuma yi dogon bayani kan gandu. Raynaut ya nuna yadda a ƙasar Maraɗi gandu yake zaune gefe da gamana, watau gonar da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Waɗannan masana sun ɓata shafuka a kan kalma ɗaya domin sun san duk lissafin da zai biyo baya a kanta zai tsaya. A gidan Cadawa mai zaure ɗaya, da maigida, da mata biyu masu karɓar girki, da ɗa mai aure wanda ya ware tukunya amma bai fita gandu ba, da wani ɗan da ya tafi cin rani Nijeriya, gida nawa ne, kuma mutum nawa ne? In aka tambayi maigida abin da ya noma ya ce dami kaza, shin an haɗa da gamanar matan, wadda sau da yawa daga cikinta ake ciyar da yaron da aka zo aunawa? Shi kansa dami ba nauyi ɗaya gare shi ba daga gona zuwa gona.

Ko sunan wuri ma yana bukatar sharaɗi. A 2011 aka cire Gazawa daga Agye aka mai da ita gunduma mai zaman kanta. Agye ta ƙidayar jama'a ta 2001 ba ita ce Agye ta ƙidayar 2012 ba.

Masu tsara yaƙi da jahilci suna iya cewa wannan duk zancen likitoci ne. Amma nasu sharaɗin ya fi na tamowa santsi, domin ba su da sikeli. Ma'anar da UNESCO ta bayar a 1958 ta ce mai ilmin karatu shi ne wanda zai karanta ya kuma rubuta gajeren bayani mai sauƙi game da harkarsa ta yau da kullum, yana fahimtar abin da ya karanta. Ba ta ce da wane harshe ba, ba ta ce da waɗanne haruffa ba. Wasu ƙididdigogi tambayar maigida suke yi ko wane ya iya karatu. Wasu, irin na DHS da aka yi a Nijar a 2006 da 2012, kati suke miƙa wa mutum ya karanta jimla, kuma sun daɗe suna ɗaukar duk wanda ya shiga sakandare a kan ya iya ba tare da an gwada shi ba. Alƙaluman da suka fito ta waɗannan hanyoyi ba a jera su a layi ɗaya a ce ci gaba ne ko ci baya. Ga kuma kalmar karatu: dattijon da aka tambaya ko ya yi karatu zai fahimci na allo ake nufi, ya ce ya yi, in aka ce boko ya ce a'a, alhali yana rubuta bashin da ake binsa da ajami, abin da ya cika ma'anar 1958 ɗin sarai. Katin da aka buga da haruffan boko kaɗai ya riga ya yanke hukunci a kansa tun kafin a shiga zaurensa.

Darasin maƙalar Pediatrics ma yana nan daram a ajin manya. Cibiyoyin jinyar tamowa suna bayar da rahoton kashi uku tare, waɗanda suka warke, da waɗanda suka mutu, da waɗanda suka daina zuwa, kuma ƙa'idar Sphere ta nemi na farko ya wuce kashi 75 cikin 100, na biyu ya gaza 10, na uku ya gaza 15. Dalilin haɗa su shi ne kada a ɓoye waɗanda suka ɓace. Ajin da aka buɗe da rani da mutum 40, aka yi jarrabawa gab da shuka da mutum 15, 12 suka ci, ana iya cewa ya yi nasarar kashi 80, ana kuma iya cewa ta kashi 30. In kuma an karɓi waɗanda suka taɓa yin firamare suka bari, sakamakon zai yi kyau kamar yadda ya yi wa cibiyar da ta karɓi yaran da ciwonsu bai yi nisa ba. Wanda zai rubuta kundi kan azuzuwan Cadawa ko na Gazawa, tilas ya gwada kowa ranar shiga, ya rubuta wanda zai kira sabon shiga, da zuwa nawa ne ke mai da mutum ɗan aji, da matakin da za a kira iyawa, ko haɗa baƙi da wasali, ko karanta jimla, ko rubuta wasiƙa.

Tun daga watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da ta Abdu Mumuni ta Yamai suna aika ɗalibai waɗannan gundumomi. Abin da ya dace masu duba kundi su nema kafin ɗalibi ya fita fili bai wuce shafi biyu ko uku ba. Ga kowane abin aunawa, a ga jimlar Hausa da za a furta, harafi da harafi, bisa ƙa'idar rubutu. A ga amsoshin da za a karɓa da yadda za a rubuta kowace. A ga shaidar cewa an gwada jimlar a wani ƙauye na kusa, wani mutum dabam ya mayar da ita Faransanci ba tare da ya ga ta asali ba. A ga sakamako guda da aka sa wa kwanan wata. Waɗannan shafuka su shiga cikin kundin kansa yadda aka rubuta su tun farko, in kuma aka sauya wata kalma a tsakiyar aiki, a nuna ranar da aka sauya ta da ƙauyukan da aka riga aka tambaya da tsohuwar.